Dashen kokwamba da ba ta taki: yadda muke yi a garka a Damagaram

Tun da aka shiga aikin rani tambaya guda ake ta maimaita mini, daga masu ƴar garka a bayan gida cikin Zinder har masu fangali a Mirriya da Matamaye: "Na dasa kokwamba ta yi yaushi ta mutu, ina laifin yake?" Wasu kuma tasu ta kama, ta yi ganye shar kamar za ta rufe garkar, amma ƴaƴa sai ɗai-ɗai, masu ɗaci. Kusan duk wanda na bi diddigin aikinsa, a wuri biyu na samu ɓarnar. Ko dai ya taɓa saiwa ranar dashe, ko kuma ya zuba taki da yawa a lokaci guda. Kokwamba ba tumatir ba ce da za ka tuge ta ka kafa a wani wuri ta yafe maka. Ga yadda nake yi, daki-daki, a lissafin gindi 100.

1. Zaɓen lokaci

Kokwamba tana son ɗumi, amma ba ta jure zafin bazara. Lokacin da ya fi yi mana kyau shi ne daga ɗaukewar damina, Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, sai kuma watan Fabrairu idan hunturu ya fara sassauci. A Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka wajen digiri 15 ko ƙasa da haka, iri ya daɗe bai tsiro ba, wanda ya tsiro kuma ya tsaya cak. A Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, fure yake zubewa.

Daga shuka zuwa tsinkar fari kwana 45 zuwa 60 ne, gwargwadon iri da yanayi. Mai son kayansa su shiga kasuwa da azumi, lokacin da kowane gida ke neman kayan salati na buɗa baki, sai ya ƙirga wata biyu baya ya zuba iri.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Za ka buƙaci leda 110 ta renon iri, 100 na dashe, goma na ajiya. Ledar fiya wata da aka sha aka yar ta wadatar, ba sai ka sayi baƙar leda ba. Sai reza, hauya ko fartanya, manjagara, arozuwar (butar ban ruwa) mai kan feshi, igiya, sanduna ko karan dawa mai kauri, da murfin kwalbar lemo guda ɗaya, wanda shi ne ma'aunin takinmu daga farko har ƙarshe. Cikin murfi ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 yana kai wajen giram 6.

Iri: giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya 30 zuwa 40, saboda haka ƙaramin fakiti na giram 5 ya ishi gindi 100 har da saura in ƙwaya ɗaya ake sa wa kowace leda; mai sa biyu kuwa ba zai ishe shi ba. Poinsett da Marketer su ne masu sauƙin kuɗi. Masu alamar F1, wato irin da aka samar ta haɗa auren iri biyu, sun ninka su tsada, sun kuma fi su haihuwa, kuma tsadarsu ce ma babban dalilin da ya sa ake reno a leda maimakon a zuba su kai tsaye ɓera da gyare su tone.

Taki: na gargajiya ruɓaɓɓe kilo 120 zuwa 180, NPK kilo biyu da rabi, uriya rabin kilo. Ka ga ke nan ba ruwanka da buhun kilo 50. Sayi awo a wajen mai shagon da ka yarda da shi, ko ku haɗa kuɗi da maƙwabtan garka ku raba buhu. Abin da ya fi cin kuɗi a aikin nan ruwa ne: man motopom ga mai inji, ƙarfin kafaɗa ga mai jan guga. Wanda ke cikin gari, inda kowa ya san yadda ruwan famfo yake wuya, ya fara da gindi 20 ya ga iyakar ƙarfinsa tukuna.

Gargaɗi: duba kwanan watan da ke bayan fakiti. Irin da ya kwana watanni a rana a kan teburin mai talla, rabinsa ba ya tsirowa.

3. Renon iri a leda

Haɗa kashi biyu na ƙasa mai yashi da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe. Kada ka ɗebo ƙasar daga inda aka taɓa yin kankana, kabewa, gurji, kuɓewa ko tumatir, don a nan ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli suke zama, kuma ƙasarmu mai yashi suna ƙaunarta. Yanke bakin ledar, ka huda gindinta wuri uku ko huɗu, ka cika, ka jiƙa sosai, ka bar ta ta kwana.

Washegari ka tura ƙwaya zurfin gaɓar yatsa ɗaya, wajen santimita 2. F1 ƙwaya ɗaya a leda, Poinsett biyu. Jera ledojin inda rana ke samunsu da safe, inuwa ta rufe su da azahar, kuma ka kewaye su da tsohon gidan sauro. Ƙadangare da kaji suna iya share maka leda 50 kafin ka dawo daga masallaci. Ruwa kaɗan safe da yamma. Cikin kwana 3 zuwa 5 za ka ga kai ya fito.

Inda biyu suka tsiro, yanke mai rauni da reza daidai bakin ƙasa. Kada ka tuge shi, saiwarsu a sarƙe take.

4. Gyaran fangali

Wannan aikin ana yinsa ne tun iri yana leda, aƙalla mako guda kafin dashe. Kafce ƙasa zurfin taƙi guda da ɗoriya, ka watsa takin gargajiya kilo 2 zuwa 3 a kowane murabba'in mita, ka juya shi ya shige, ka baje da manjagara, ka yi ta ba shi ruwa kamar akwai shuka a ciki. Ciyawar da ke cikin takin za ta tsiro ka nome ta kafin baƙuwar ta iso.

Tazara: santimita 50 tsakanin gindi da gindi, mita ɗaya da santimita 20 tsakanin layi da layi. Gindi 100 zai ci fili murabba'in mita 60. In ba za ka ɗora ta a kan sanda ba, ka buɗa layin ya kai mita ɗaya da rabi, don yaɗo take.

Gargaɗi a kan taki ɗanye: cusa hannu cikin tulin. In ka ji ɗumi, ko warin fitsari ya buge ka, bai nuna ba. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. Kashin kaji ya fi kowanne zafi, rabin awon na shanu ya isa, shi ma sai ya ruɓe.

Gargaɗi a kan kanwa: masu garka a kwaruruka irin na Gidimuni sun san farin ɓawon nan da ke fitowa a saman ƙasa in ta bushe. Kokwamba ba ta jure shi kamar yadda dabino ke yi. Zaɓi gefen da ya ɗan tashi, inda ruwa ke wucewa ba ya kwanciya.

5. Shirya shukar kafin a fitar da ita

Kwanakin dashe su ne 12 zuwa 18 bayan shuka, lokacin da ta yi ganye na gaskiya biyu ko uku. Ganyen nan biyu masu santsi da suka fara fitowa ba a ƙirga su. Na gaskiya su ne masu kaushi da kusurwa. In ka ga ta fara fitar da ƴan zaren kama sanda, ko farar saiwa ta leƙo ta hudar leda, ka makara, kuma irin wannan ko ta kama takan daɗe tana jinya.

Saura kwana 3 ko 4, ka cire mata inuwa ta sha rana yini guda cur, ka rage ruwa zuwa sau ɗaya. Za ta ɗan yi tauri. Ranar dashe kuwa, da azahar ka jiƙa ledojin sharkaf don ƙasar ta kama jikinta ta zama curi.

6. Ranar dashe

A nan ne duk maganar take, saboda haka zan ɗan daɗe.

Shekarar da na fara, a fangali na yi renon kamar yadda ake yi wa albasa, na zo da hantsi na tuttuge su na kafa. Wani dattijo da garkarsa ke jikin tamu ya tsaya a bakin shinge yana kallo, bai ce komai ba sai da na kai layi na uku.

"Yaro, wa ya koya maka wannan?"

"Baba, ai haka na ga ana yi wa tumatir."

"To ita wannan amarya ce. Da kayan ɗakinta ake kai ta, kuma da yamma."

Kwana biyu bayan haka, cikin abin da na kafa wanda ya tsaya da ƙafarsa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kayan ɗakin da yake nufi shi ne curin ƙasar da ke jikin saiwa.

Ga yadda ake yi. Bayan la'asar, rana ta yi sanyi, ka haƙa ramuka daidai girman leda, ka ƙara zurfin yatsu uku. A gindin kowane rami ka zuba murfi ɗaya na NPK, ka gauraya da ƙasa, sannan ka rufe shi da ƙasa zalla kaurin yatsu uku ɗin nan. Saiwa ba za ta zauna a kan ƙwayar taki ba. Zuba ruwa a ramin ka bari ya tsotse.

Ɗauki leda ka kwantar da ita a tafin hannunka na hagu. Da reza ka yanke gindinta zagaye, ka tsaga gefe ɗaya daga ƙasa zuwa sama, amma kada ka buɗe tukuna. Sanya ta cikin ramin yadda take, ka tura ƙasa ta tallafe ta, sannan ka zare ledar a hankali. Curin zai zauna bai fashe ba. Saman curin ya yi daidai da saman fangali, ko ya nutse kaɗan ƙwarai. Ganyen farkon nan biyu su kasance a sama, ba su taɓa ƙasa ba. Danna gefe-gefe da yatsu, ba da dunduniya ba, ka yi ɗan kwarmi zagaye da ita, ka ba ta wajen lita ɗaya na ruwa nan take. Kada ka bari sai ka gama layi kafin ka shayar, gindi biyar-biyar kake bi.

Gargaɗi: kada ka taɓa ɗaga shuka ta kara. Karan kokwamba ruwa ne zalla, matsa kaɗan ya isa ya murje shi daga ciki, ba za ka gani ba sai gobe.

Gargaɗi: kada ka binne ta da zurfi don ta "yi ƙarfi". Wuyan da ya zauna cikin laima ruɓewa yake yi, ka tashi da safe ka tarar ta faɗi kamar an yanke ta da zare.

Tattara ledojin da ka yanke ka fita da su daga garka. Awaki na haɗiye su, kuma wadda ta shige ƙasa shekaru za ta yi tana tare wa saiwa hanya.

7. Makon farko

Kafa ɗan guntun zana ko reshe mai ganye ta yammacin kowane gindi na kwana 2 zuwa 3, ya kare ta daga ranar azahar da iska. Ruwa safe da yamma, a gindi. Yaushi kaɗan da rana ba abin tsoro ba ne in dai ta miƙe da magariba. Wadda ta kwana a kwance ta tafi, ka maye gurbinta daga goman da ka ajiye, cikin kwana 5, don kada ƴan'uwanta su tsere mata.

Ba a ba da taki a makon nan ko kaɗan. Alamar ta kama ita ce sabon ganye ƙarami a tsakiya. Da ka gan shi ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa zagaye da gindi, ka bar tazarar yatsu uku daga kara. Yana riƙe laima, yana rage maka jan ruwa, sai dai ka riƙa ɗaga shi kana duba gara.

8. Ba da taki

Ƙasarmu yashi ce, ba ta riƙe abinci. Abin da ka zuba da yawa yau, rabinsa zai bi ruwa ya nutse inda saiwa ba ta kaiwa, sauran ya ƙona shukar. Shi ya sa muke rarraba shi.

Ciyarwar farko, kwana 10 zuwa 12 bayan dashe: rabin murfi na uriya kowane gindi. Ja ɗan layi da yatsa zagaye da shukar, nisan tafin hannu daga kara, ka barbaɗa a ciki, ka rufe da ƙasa, ka ba da ruwa nan da nan. Uriyar da aka bari a fili a rana tashi take yi ta bi iska.

Ta biyu, da fure ya fara buɗewa, wajen mako uku bayan dashe: murfi ɗaya na NPK, amma yanzu ka matsa nesa, wajen taƙi guda daga kara, don saiwa ta bazu. Kada ka tona da hauya. Saiwar kokwamba a sama-sama take, ko noman ciyawa kusa da gindi da hannu ake yinsa.

Ta uku da ta huɗu suna zuwa ne bayan an fara tsinka, murfi ɗaya na NPK duk mako biyu. Yawancin mutane a nan suke sakaci, suna ganin ai ta riga ta haihu. Alhali yanzu ne take goyo, kuma wanda ya ci gaba da ciyarwa yakan ƙara makonni yana tsinka bayan na maƙwabcinsa ta bushe.

Wanda ba ya son na zamani ko aljihu bai ba shi ba, ga abin da ke aiki: cika kashi ɗaya cikin huɗu na buhu da ruɓaɓɓen taki, ka ɗaure, ka jiƙa cikin duro na ruwa mako guda. Ɗebi kashi ɗaya ka sirka da ruwa kashi huɗu har ya yi kalar shayi marar kauri, ka ba kowane gindi rabin lita duk mako, a ƙasa, ba a kan ganye ko ƴaƴa ba, tunda ɗanya ake cin ta. Tokar murhu ɗan cikin hannu lokacin fure tana taimaka wa ƴaƴa.

Gargaɗi: toka da uriya ba sa haɗuwa rana ɗaya, tokar na kore amfanin uriyar. Bar mako guda tsakani.

Gargaɗi: ba a ba busasshiyar ƙasa taki. Shayar da safe, ka ciyar da yamma, ka sake shayarwa.

Ganye ma yana faɗa maka halin da ake ciki. Tsofaffin ganyen ƙasa sun yi ɗorawa gaba ɗaya, girma ya tsaya: yunwa ce, ƙara rabin murfin uriya. Bakin ganye ya ƙone zagaye kamar an bi shi da wuta: ko taki ya yi yawa ko kanwa, ka ba da ruwa mai yawa sau biyu ya wanke. Ganye manya baƙi-ƙirin, kara kamar yatsa, fure babu: uriya ce ta yi yawa, ka janye hannu. Ni a ganina uriya ta fi kashe wa mutanenmu kokwamba fiye da ƙwari, don tana da saurin nuna kore, mutum ya ji daɗi ya ƙara.

9. Ruwa da sanda

Da ta fara ƴaƴa, kowane murabba'in mita yana shan lita 6 zuwa 8 a yini in ana zafi, a raba safe da yamma. Ƙishirwar kwana biyu sannan a malala ruwa, ita ke kawo ɗaci da ƴaƴa masu lanƙwasa. Zuba a gindi. Ganyen da ke kwana a jiƙe shi ke kamuwa da cuta.

Kafa sanduna tun tana da tsawon taƙi biyu, ka ɗaure igiya tsakani, ka riƙa naɗa kan shukar duk bayan kwana biyu. Wadda ta hau sama ƴaƴanta miƙaƙƙu ne, masu tsabta, ba su da farin tabo na kwanciya a ƙasa, kuma masu saye a kasuwar Dole su suke fara ɗauka.

10. Fure da ƙwari

Kada hankalinka ya tashi in furen farko ya zube bai bar komai ba. Maza ne, su ke fara fitowa. Macen ita ce mai ɗan ƙaramin kokwamba a bayanta, tana biyowa bayan kwanaki. Ƙudan zuma ne ke haɗa su da safe, saboda haka duk wani feshi sai bayan la'asar.

Jan buzuzun nan ƙarami da ke huda ganye ya fi ɓarna a makonni biyun farko, da sassafe yana da sanyin jiki, ana kama shi da hannu. Darɓa tana taruwa a bayan ganye. Ga su biyun, daka ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa har bayan ganye duk mako. Mafi sharri shi ne ƙudan da ke sokar ƴaƴa ya sa ƙwai, wurin ya yi ɗigon danƙo, ciki ya cika da tsutsa. Duk wadda ka gani haka ka tsinke, ka ƙulle a leda ka shanya a rana, ko ka binne da zurfi. In ka yar a gefen fangali, ka yi renon na mako mai zuwa.

Gargaɗi: maganin da ake ɗurawa a kwalba babu suna, ko na auduga, ba ya hawa abin da ake tsinka duk kwana biyu a ci ɗanye. In abin ya fi ƙarfin bedi, ka kai ganyen wajen malamin gona ya gani kafin ka sayi komai.

11. Tsinka

Da sassafe, duk kwana biyu, in ta kai santimita 15 zuwa 20 tana kore shar. Yanke da wuƙa ka bar ɗan guntun hanci, kada ka fizga. Leƙa ƙarƙashin ganye da kyau, don guda ɗaya da ta ɓuya ta yi ɗorawa tana sa uwar ta rage sabon fure. Jera su a inuwa ka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kada ka ajiye iri daga F1, abin da zai fito baɗi ba zai yi kama da uwarsa ba. Na Poinsett ana ajiyewa, in babu wata kokwamba daban kusa.

In ta gama, tuge gindi biyar ka wanke saiwar ka duba. Fara sumul, fangalin lafiya lau. In ka ga ƙulle-ƙulle kamar carbi, ka ƙone su duka, ka kafce ƙasar ka bar ta ta sha ranar Afrilu, sannan albasa ko masara ta shiga wurin, kokwamba da danginta su koma wani gefe na shekara biyu ko uku.